Kwanon Iskar Motar Awudu

Wasu samari biyu sun tsaya a bakin rumfata kwanakin baya da wata 'yar ƙaramar mota. Ɗaya ya miƙo mini waya ya ce in duba hoton wani bututu mai walƙiya da ake sayarwa da araha, wai in ka cire kwanon iska ka ɗaura shi, mota za ta ƙara ƙarfi. Tambayarsa ita ce ya saya ko kada ya saya. Ya ƙara da cewa aikin ma ba wani aiki ba ne, 'yan notina ne kawai, shi da kansa zai kwance. Na ce su ja benci su zauna. Suka ce sauri suke yi. Ban ga laifinsu ba, don ni ma ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, har yau a tsaye nake cin abinci. Amma amsar ba ta e ko a'a ba ce, shi ya sa na ce bari in faɗe ta a nan gaba ɗaya, wanda ya ga dama ya bi ni har ƙarshe.

Sunana Tanko. A Nima aka haife ni, a Maamobi na tsufa, kuma tsakanin nan da can babu lungun da ban kwanta a ƙarƙashin mota ba. Can Arewa bakanike suke cewa, mu nan Akra fitta ake ce mana. Mahaifina ya kai ni koyon aiki Adabraka wajen wani Baga, ɗan asalin Akra, mai suna Masta Kwao, ya haɗa da goro da kwalaben lemo da akwatin sifanu, kamar yadda ake yi a lokacin. Masta Kwao gajere ne, ba ya dariya, kuma akwai wata sifana da ba ta barin aljihunsa na baya. Ba ya kwance komai da ita, nuni kawai yake yi da ita, wani lokaci kuma a kan ƙeyar mutum.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke kwanon iska, kuma na daɗe a kansa har na fara zargin mutumin nan ya tsane ni. Tsofaffin motocin katako na wancan zamani kwanonsu da baƙin mai a gindi, iska tana bi ta kan man kafin ta shiga inji, duk wani datti ya maƙale a ciki. Sai in kwance, in zubar da man, in kankare laka, in wanke da kananzir, in zuba sabo. Sauran yara suna can suna buɗe inji suna taɓa fistin, ni ina gefe da tsumma. Wata rana na yi ƙunƙuni ya ji. Ya kira ni, ya dangwalo lakar da ke gindin kwanon da yatsa, ya shafa mini a tafin hannu ya ce in murza. Na murza, na ji tsakuwa-tsakuwa. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Wannan mota ya so ci. Kai ka hana shi. Ka ce ba aiki ne ba?” Ya koma abin da yake yi.

Daga baya na gane abin da yake nufi. Inji abu uku yake nema, mai da wuta da iska. Mai ana sayensa, don haka kowane direba yana lura da shi. Wuta kuwa in ka yi wasa da wayar filogi za ta ja ka, ba sai an yi maka gargaɗi ba. Iska ce kyauta, shi ya sa aka raina ta. A ƙananan motocin da suka zo daga baya an daina sa mai a kwanon, sai takarda mai ninki. Kwanon na ƙarfe ne, zagayayye, yana zaune a kan kafireto, da ɗan hanci da ya miƙa gaba can sama a ƙarƙashin bonet. Waɗanda suka ƙera motar ba da ka suka sa hancin a wurin ba. Ya yi nesa da zafin inji, ya yi sama da ruwan titi. Sannan kwanon yana haɗiye ƙarar da inji ke yi in yana zuƙar iska, kuma wannan ne babban laifinsa a wajen samari.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce shekarar yunwar nan da aka koro mutanenmu daga Najeriya, da muke ce wa Agege. Na riga na samu 'yancina, na bar wajen Masta Kwao, na kafa rumfa a Maamobi, sai ga gari ya ƙafe. Ba abinci, ba mai, ba kayan gyara. Ka je Abosokai, kasuwar kayan mota, ka tarar da masu shaguna suna zaune suna korar ƙuda. Takardar kwanon iska kuwa ko a mafarki. Muna buga tsohuwa a jikin taya mu hura ta da famfon keke mu mayar. In ta yage sai mu yanko soson katifa mu jiƙa shi da ɗan mai mu cusa. Na taɓa yanka tsohon ɗankwalin matata na naɗe wa wata tasi, ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Duk da haka ban taɓa barin mota ta fita rumfata da kafireto a buɗe ba. Waɗanda suka bari, kafin shekara ta zagayo motocinsu suna hayaƙi suna shan baƙin mai, ringi ya cinye.

A wannan shekarar ce na shaƙu da Baba Musa. Direban tasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum mai sanyin hali wanda ya san kowane rami a titin Nima da sunansa. In babu aiki sai ya zo rumfata mu raba duk abin da aka samu, ko da gasasshiyar kwakwa ce. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙetare ruwa. Duk wanda ya zauna a nan ya san in damina ta sauka babban gata, wato magudanar ruwan unguwa, yana cika ya tumbatso, kwarin da ke hanyar shiga Maamobi ya zama kogi. Direbobi su yi layi suna jira, Baba Musa ya zo ya wuce. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya koya wa duk wanda ya tambaya. Ka sa giya ta ɗaya, ka ba ta wuta sosai, ka riƙe kuloci, kada ka kuskura ka ɗaga ƙafa daga totur sai ka fita, don in ka ɗaga ruwa zai biyo salansa ya kashe ta. Dokar tana da kyau, ta yi masa aiki duk rayuwarsa. Sai dai duk motocin da ya tuƙa hancin kwanonsu yana sama.

Baba Musa ya rasu ya bar mata ɗaya, Mma Adiza, mai sayar da koko da ƙosai a bakin layinsu, da ɗa ɗaya namiji, Awudu, da kuma wata 'yar ƙaramar tasi da ya saya gab da rasuwarsa. Awudu ya riga ya zama cikakken mutum a lokacin, da gemunsa. Hannun ubansa ya ɗauko a tuƙi, amma bai ɗauko zamansa ba. In yana magana da kai ƙafarsa tana rawa, idonsa yana kan titi. A shekarun nan ne samarin Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, suka fara bin hanyar hamada zuwa Libiya. Yau ka ga mutum a majalisa, gobe a ce ya kama hanyar Agadas. Wasu su aiko da hoto a jikin babbar mota, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Abokan Awudu kusan duk sun tafi.

Bayan an yi sadakar arba'in Mma Adiza ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga bakin inuwa, ta ƙi zama. Ta ce, “Masta, yaro nan ƙafa shi na ƙaiƙayi. Ni na sani. Mota nan kawai ke riƙe shi. In mota na tafiya, yana kwana a gida. Ka duba mini shi, don Allah.” Ban tambaye ta ko motar take nufi ko yaron ba. Na ce in Allah ya yarda motar ba za ta kwanta ba. Daga ranar na ɗauki motar nan kamar tawa. Ko ba a kawo ta ba, in na hango ta a tasha sai na je na buɗe bonet.

Mota ce mai kirki, ba ta shan mai, ba ta rigima, amma ƙarama ce, kuma ƙarama ce har a zuciya. In ta cika da fasinja ta kama hawan Kanda sai ka ji tana nishi. 'Yan tasha suka sa mata suna keken ɗinki. Awudu yana dariya tare da su, amma na ga abin yana cinsa. Ya sha ce mini, “Baba Tanko, mutane na can na tuƙa tirela, ni ina nan da keken ɗinki.” Ni kuma in ce masa keken ɗinkin ne ke sa tukunya a wuta a gidansu.

Sai ga mai hula ta shigo gari. Haka direbobi suka sa mata suna. Bututu ne mai ƙyalli, irin wanda samarin nan suka nuna mini a waya, da 'yar hular soso ja ko shuɗiya a bakinsa. A Abosokai ake zuba su a tire kamar tumatir, arha ta ban mamaki. Sai a cire kwanon iska, a kafa bututun a kan kafireto, a lanƙwasa shi ƙasa har bayan bamba, wai don ya sha iska mai sanyi. Da ka taka totur sai motar ta yi wani gurnani daga ƙirji, wanda ke gefen titi ya waiwayo. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma da na fara ji ƙarar ta yi mini daɗi. Kunne ba ya da hankali.

Awudu ya kawo mini tasa a cikin leda, yana murmushi, ya ce in ɗaura. Na ɗaga hular na saita ta da rana na ce ya leƙa. Hasken rana yana ratsowa ta ramukan soson ɗaya bayan ɗaya. Na ce inda haske ya bi, jar ƙasar Nima ma za ta bi. Na ce ba zan ɗaura ba, ya mayar. Ya ce, “Baba, ku tsofaffi komai sabo ba ku so.” Na ce ya kira ni duk abin da ya ga dama. Ya naɗe ledarsa ya tafi. Kashegari ina kwance a ƙarƙashin wata trotro, motar fasinja, na ji wani ruri ya taho daga kan kwana, na san wani fitta ya yi masa abin da na ƙi.

Na yi fushi, kuma fushina ba ya ɓoyuwa. Amma na ga faɗa ba zai kai ni ko'ina ba, sai na nemi wani dattijo Bazabarme da ke da irin motar sak, mai kwanonta na asali, na roƙe shi ya ara mini ita na ɗan lokaci. Na ce wa Awudu mu gwada, in tasa ta fi, ni da bakina zan ba shi haƙuri a gaban 'yan tasha. Muka cika kowace mota da mutane daidai wa daida, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a gindin hawan Kanda, aka ɗaga hannu muka taka. Tasa tana ihu kamar za ta tashi sama, tawa shiru. Muka isa saman tare. In ma akwai bambanci, hancin tawa ne ya ɗan leƙa gaba. Ya fito yana haki kamar shi ya ja motar, ya dube ni ya ce, “To amma Baba, ka ji murya shi?”

A nan na san magana ba ta ƙarfi ba ce. Ƙaramin inji ba iska ya rasa ba, cikinsa ne ƙarami, ko ka buɗe masa ƙofar gari abin da zai iya zuƙa kawai zai zuƙa. Ba na cewa irin wannan bututu ba shi da amfani a duniya. Na ji ana sa shi a manyan motocin tsere da aka canja musu komai tun daga ciki har salansa, kuma a kan kwalta mai tsabta suke gudu. Amma a 'yar tasi mai yawo tsakanin Nima da Agbogbloshie, abin da ka saya murya ce. Kuma muryar tana da tsada, don direba ba ya iya haƙuri, kullum ƙafarsa tana ƙasa don ya ji ta. Ba a daɗe ba Awudu ya fara ƙorafin mai ba ya kai masa yamma. Na zura yatsa a maƙogwaron kafireto na fito da shi ja, na ce ya murza kamar yadda aka sa ni na murza. Ya murza, ya goge a wandonsa, ya kawar da kai.

Ƙasar ba ita ta fi damuna ba, don ƙasa a hankali take kisa, akwai lokacin gyara. Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda bakin bututun yake. Na durƙusa na auna da ƙafata, bai kai gwiwata ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku. Na ce masa ya kawo mini kwanon in mayar kafin ruwa ya sauka. Sai ya fara sosa ƙeya. Ya ce kwanon yana wajen Mma.

Da sassafe na je wajenta. Tun daga nesa na gane shi. A wancan lokacin duk kwanon da aka cire, masu ƙira ne ke kwashewa, don ƙarfensa yana da kauri kuma ga shi zagayayye. Su huda gindin, su sa masa ƙafafu, ya zama kurfoti na gawayi. Awudu bai sayar da nasa ba, ya kai an ƙera wa uwarsa. Ga shi nan a gefen babban murhunta, garwashi ja a ciki, 'yar tukunyar shayi a kai. Ta ga ina kallonsa sai fuskarta ta washe. Ta ce, “Ka gani, Masta? Awudu ya kawo mini. Tun da na haife shi bai taɓa kawo mini abu da hannu shi ba sai wannan. Yana riƙe wuta sosai paa.” Ko na faɗa mata gaskiya, kwanon ya riga ya huje. Na sayi ƙosai na ce Allah ya sa albarka, na juya.

Daga nan na shiga farauta. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai in kama trotro zuwa Abosokai in bi shago-shago. Wannan ya ce ya ƙare, wancan ya ce in jira kaya na kan ruwa, wani ya kawo mini na wata mota daban ya rantse zai hau. Na je har unguwar Malam wajen masu yanka tsofaffin motoci, nan ma masu kurfoti sun riga ni. Ban iya barcin rana ba a kwanakin nan, da na ji iska ta kaɗa kwanon rufi sai in fito in dubi sama. A ƙarshe na samu ɗaya a wajen wani mai gwangwan, ya ɗan lotse a gefe amma lafiyarsa ƙalau. Na buge shi ya miƙe, na wanke, na sa sabuwar takarda, na aika a kira Awudu.

Ya zo a tsaye, injin ma bai kashe ba. Na nuna masa kwanon na ce ya ba ni motar yanzu, kafin ya gama shan ruwa na gama. Ya ce, “Baba, bari sai bayan alhazai.” A shekarun nan dawowar alhazai tana faɗowa ne tsakiyar damina. Kuma a Zongo ba a tarbar alhaji da mota ɗaya. Iyali su ɗauki tasi-tasi, a ɗaura farin ƙyalle a madubi, a je filin jirgi, a dawo a jere ana hon, mata suna waƙa ta taga, yara suna bi da gudu. Motar da ke gaba ita ke ɗaukar alhajin, kuma direbanta ya yi ta ba da labari har wata shekara. Mai gidan da su Awudu ke haya yana cikin masu dawowa, 'ya'yansa kuma sun zaɓi motar Awudu ta ja gaba saboda muryarta. Keken ɗinki za ta shiga gaban manyan motoci. Na ce to ya bari ko bututun in ɗaga sama. Ya ce in an taɓa shi muryar za ta canja. Na ce masa in ya ga ruwa a kwarin ya tsaya, ko da alhajin zai zage shi. Ya yi dariya ya ce, “Ɗan Baba Musa ya tsaya a bakin ruwa?” Ya ja motarsa. Na tura kwanon ƙarƙashin benci.

Ranar da jirgin ya sauka, ruwa ya fara tun hantsi, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Na kasa taɓa kowane aiki. Na ɗauki sifana na ajiye, na ɗauki wata na ajiye. Ƙarshe na rufe akwati na taka zuwa kwarin da nufin in tare shi kafin ya shiga. Ruwan ya kai cinya a tsakiya, ja wur, yana tafe da robobi da kwandunan mutane. Ni ina wannan tsallaken, su kuma ta wancan za su fito. Na jiyo hon, na jiyo waƙar mata, sannan na jiyo wannan rurin da na sani. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa. Mutane da yawa a bakin ruwan suna ɗaga hannu suna yi wa alhaji maraba, nawa ya ɓace a cikinsu.

Ya yi komai daidai yadda ubansa ya koya masa. Na ji ya sauko giya ta ɗaya, na ji ya ba ta wuta har ƙasa, ya shigo ruwan a miƙe ba tare da shakka ba. Da kwanonta yana kai, da ta wuce ana tafi. Amma bakin bututun yana ƙarƙashin ruwa, kuma yawan wutar da ya ba ta shi ne yawan ruwan da ta zuƙa. Fistin yana matse iska, ba ya matse ruwa. Aka ji ƙara ɗaya, kwas, kamar an sauke guduma a kan maƙera, sai shiru. Waƙar matan ma ta tsaya. Samari suka shiga ruwa suka goyo alhaji da fararen kayansa suka fito da shi. Awudu ya zauna a ciki riƙe da sitiyari har muka turo motar waje da shi a kai.

A rumfa na cire filogi ko Allah zai sa ruwa ne kawai ya tsaya a ciki, don wani lokaci in an yi sa'a ka juya inji ya feso shi ya tashi. Wannan ya ƙi juyawa. Na haska gefen injin na ga rami, ƙarfen da ke riƙe fistin ya karye ya fasa bango ya leƙo waje. Irin wannan ba a ɗinke shi, sai dai wani injin, kuma wani injin ya fi ƙarfin mai sayar da koko. Awudu yana tsaye a kaina. Shi ma ya ga ramin. Idonsa ya sauka a kan kwanon da ke ƙarƙashin benci, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fita. A karon farko na ga yana tafiya a hankali.

Labari ba ya kwana a Zongo. Kafin gari ya waye kowa ya ji cewa rashin kwanon iska ne ya kashe motar ɗan Baba Musa. Ina buɗe rumfa sai ga Mma Adiza, ranar ba ta kafa tukunya ba. Tana ɗauke da wani abu a naɗe cikin zane. Ta ajiye a kan bencina ta kwance. Kurfotin ne. Ta zubar da tokar, ta goge shi da yashi har ƙarfen ya fito fari, ta sa an cire masa ƙafafun. Ta ce, “Masta, an ce wannan ne mota ya rasa. Ni ban sani ba. Ga shi na kawo. In ka liƙe ramuka nan, ka mayar masa.”

A duk shekarun da na yi ina gaya wa mutane motarsu ta mutu, ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na ce mata, “Mma, ba laifinki ba ne, ina da wani ma a nan. Abin da za a ɗora shi a kai ne babu.” Ta dubi motar, ta dube ni. Ta ce, “To yaro fa?” Na ce zan nema masa tuƙi a wajen wani, kuma na nema, har wuri biyu aka ce ya zo. Bai je ba. Ya sayar da gangar jikin motar ga masu yanka, kafin damina ta ƙare ya kama hanyar Agadas. Kaset ɗaya ya taɓa aikowa, yana gaida kowa da suna, har da ni. Bayan wannan ba mu ƙara jin muryarsa ba.

Kwanon da na samo a wajen mai gwangwan na ɗaura wa wata motar tuntuni. Na Mma Adiza kuwa yana nan rataye a ƙusa a cikin rumfata, samarin nan biyu ma a ƙarƙashinsa suka tsaya suna nuna mini waya. Na sha aika mata ta zo ta ɗauka ta ci gaba da dafa shayinta. Har ta rasu amsarta ɗaya ce, in ajiye, in Awudu ya dawo in ɗaura masa.